Ranar Tashin Mai Zaki

Gara in faɗa da bakina tun kafin maƙwabta su riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ba yaro ba ne, ba kuma baƙo ba. Dattijo ne mai furfura har a gira, wanda ya yi aji huɗu a firamare, yake kuma ganin ajin nan huɗu sun ishe shi ya yi wa duniya bayani.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina sayar da shayi a bakin garejin manyan motoci a Agege ta Legas, kusa da layin dogo. Ban taɓa tuƙa ko keke ba. Amma a kan bencina direbobin arewa suke sauke gajiya, masu kawo shanu mayanka da masu kawo albasa da tumatir kasuwar Mile 12. Hannuna yana fasa ƙwai yana yanka burodi, idona kuwa yana bayan motocinsu. Abin da ya ɗauke mini hankali ke nan tun ina saurayi, wato zanen da ake yi a ƙyauren baya. Wata zaki, wata dawisu, wata jirgin sama yana ratsa gajimare, wata masallaci da bishiyar dabino a gefe. Kowane fenta da hannunsa. A lokacin ina kallon wutsiyar zaki in gaya maka garin da aka zana shi, kuma sau da yawa ina dacewa.

Da gwiwa ta ƙi tsayuwa na bar teburin shayi, sai 'yata ta fari ta saya mini waya mai ɗaukar hoto. Malamar makaranta ce, tana aure nan bayan kasuwa, mijinta direban babbar mota. Ta saya ne don in riƙa kallon jikoki. Ni kuwa cikin wata biyu na cika wayar da bayan motoci, har ta ƙi karɓar hoton jika ko ɗaya. Da ta ga haka sai ta ce bari a buɗe wa Baba shafi a intanet ya riƙa zubawa can, wayar ta huta. Ta zauna a gefen tabarma ta buɗe, ta nuna mini inda ake dannawa hoto ya hau, da inda ake rubutu a ƙarƙashinsa. Da ta zo nuna mini inda ake gogewa na ɗaga mata hannu. Na ce mutumin da ya san abin da yake rubutawa ba ya bukatar gogewa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Ashe ba ni kaɗai ke da wannan ciwon ba. Kafin damina ta fita mun taru mun kai goma sha wani abu. Akwai wani tela da ba ya ɗaukar komai sai danfo, ƙananan bas-bas na haya na Legas, wai shi launin rawaya ne ke kwantar masa da rai. Akwai mai faci, Bayarabe, da yake bin tsoffin motocin haya da aka jingine a bayan gareji, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Akwai wani mutumin Nijar mai gadi, wanda har yau babbar mota kamiyo yake ce mata, mun yi mun yi ya ƙi gyarawa. Sai babban abokin faɗana, wani bakanike Bazazzagi. Ni Bakano ne, don haka tun ranar da muka haɗu ba mu taɓa gaisawa ba tare da an ci mutuncin wani ba. Su turo mini hotuna, ni in ɗora, in yi rubutu a ƙasa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, harshe a waje. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu haɗu a ƙarƙashin gada, kowa ya nuna abin da ya kamo a mako.

Aka naɗa ni shugaba. In za a bi gaskiya ni na naɗa kaina, amma ba wanda ya yi gardama da ƙarfi. Na kafa dokoki. Ba a ɗora hoton haɗari. Ba a ɗora mota da dauɗa, sai an wanke ta, don ita ma tana da mutunci. Fuskar mutum kada ta fi mota girma a hoto, wannan don tela na kafa ta. Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ban kafa ba, alhali na fi kowa saninta.

Direban doguwar hanya ba ya faɗar ranar tashinsa. Duk wanda ya zauna a gareji ya san wannan. Ka tambaye shi yaushe za a koma, ya ce sai an ga yadda lodi ya yi. Ka ce ta wace hanya, ya ce duk wadda Allah ya buɗe. Wani zai shanye shayinsa ya ce maka bari ya kewaya ya dawo, ba za ka sake ganinsa ba sai bayan sati uku. Ba rashin kirki ba ne. Tsakanin Legas da gida akwai dazuzzuka, a dazuzzukan akwai mutane masu jiran labari, kuma labari da ƙafar mutum yake tafiya. Na ji wannan ɓoye-ɓoye a kan bencina sau dubu, har ni ma ina taya su. In baƙo ya zo yana tambayar wane direba, sai in ce ban san shi ba, alhali kofinsa bai huce ba.

To motar surukina ita ce ta fi kowace kyau a idona. Mai Zaki ake ce mata. Zakin a kwance yake, ya ɗora hannu ɗaya a kan dutse, ga wani ɗan tsuntsu fari ya sauka a tsakar kansa, shi kuwa yana kallonka da ido irin na mutumin da ya gaji da surutun jama'a. A ƙasan zanen an rubuta lambar wayar direba da jan fenti, saboda masu neman lodi. Albasa yake kawowa Mile 12, in zai koma ya yi lodin robobi da atamfa da tarkacen 'yan kasuwa a wajen Ikorodu. Na daɗe ina fakon ta a wanke. Wata Lahadi da hantsi na same ta an gama wanke ta, ruwa yana ɗiga, rana ta bugi zakin daidai. Na ɗauka, na ɗora, na rubuta a ƙasa cewa ga sarauniyar hanya, duk mai ja ya kawo tasa.

Mutanenmu suka yi ta yabo. Bazazzagi ya rubuta cewa zakin ya fi mai hoton kyan gani. Sai ga wani da ban sani ba, ba hoton fuska a jikin sunansa, Hausarsa tsaf kamar ta mai karanta labarai. Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara basira. Ni ma mai son hoton mota ne. Yaushe wannan za ta koma arewa? Ina so in tsaya a bakin hanya in ɗauke ta tana tafiya."

Ku gane halin da nake ciki. Wata takwas ina rubutu, masu karantawa su ne dai mutanen da zan iya leƙawa ta taga in kira. Yau ga baƙo daga wata duniya yana ce mini Baba, yana ce mini mai basira. Na ji hulata ta yi mini kaɗan.

Da la'asar surukin ya zo gaisuwa, kamar yadda yake yi duk zuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da tabarmata, ido a ƙasa. Shekara tara yana auren 'yata, ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba, ban kuma taɓa jin ya ce mini a'a ba. Muka gaisa, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida. Sai na gyara murya.

"Yaushe ake sa ran komawa?"

Na ga yatsansa yana zane a ƙasa.

"Laraba, Baba, in Allah ya so."

"Da wane lokaci?"

"Bayan asuba."

"Ta Ibadan za a bi, a haye gadar Jebba, a faɗa Mokwa?"

"Haka ne, Baba."

Na sa masa albarka ya tashi. Ko takalmi bai gama sawa ba na jawo waya. Na rubuta wa baƙona: Laraba bayan asuba, hanyar Jebba da Mokwa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, don abin da direba ba ya gaya wa kowa ni an gaya mini, saboda ni suruki ne, ba a yi mini musu.

Litinin baƙon ya dawo. Ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce, shi kaɗai yake tafiya ko a ayari? A ina ya saba tsayawa cin abinci? Wannan ma na amsa, daga abin da na sani na shekaru. Na ce ba ya son ayari, shi kaɗai yake tafiya da yaran motarsa biyu. Na faɗi garin da yake tsayawa. Har na ƙara da cewa tuwon wurin ba shi da daɗi.

Laraba da hantsi na taka zuwa garejin Bazazzagi don in yi masa burga. Na same shi rabinsa a ƙarƙashin wata danfo. Na taɓa ƙafarsa da sanda.

"Fito, bawan Kanawa, ka ga yadda shafi ya ƙetare Legas."

"Wa ya mutu ya bar maka gadon hankali da safen nan?" Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya karɓi wayar.

Ya karanta. Na jira zagi, zagi bai zo ba. Ya koma sama ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Sannan ya ɗago ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun da muka san juna.

"Wane ne wannan da kake ba amsa?"

"Mai son hoto ne, irinmu."

"Ina tambayoyin nasa?"

Na karɓa na duba. Babu su. Sunansa babu, godiyarsa babu, duk ya kwashe. Amsoshina ne kawai a jere, Laraba bayan asuba, Jebba da Mokwa, shi kaɗai yake tafiya, kamar mahaukaci yana magana da kansa a bakin titi. A samansu ga zakin, ga lambar mota, ga lambar waya da jan fenti.

"Ka taɓa ganin hoto ɗaya da mutumin nan ya ɗauka?" inji Bazazzagi a hankali.

Ban taɓa gani ba. Ban ma taɓa tambaya ba.

Na nemi wurin zama, na zauna a kan tsohuwar taya. Na duba rana, ta yi sama. In bayan asuba ya tashi, yanzu ya wuce Ibadan ko yana dab da ita. Na ce a kira shi. Sai na tuna ba ni da lambarsa, don wane suruki ne yake kiran mijin 'yarsa a waya? Daga jikin hoton muka kwafe ta, kamar yadda kowa zai iya kwafa. Bazazzagi ya buga. Muryar matar nan ta kamfani ta ce wayar a kashe take. Ya sake bugawa, ta sake faɗa, ba ta ko gaji ba.

Na ce bari in goge rubutun. Na danna nan na danna can, sai ga hoton ya fito sau biyu, zaki a kan zaki. Bazazzagi ya fizge wayar, ya yi 'yan danne-dannensa da yatsa mai baƙin mai, ya miƙo mini.

"Na goge. Amma wanda ya karanta ya riga ya karanta."

Na koma gida ban san ta inda na bi ba. Wani mai okada ya kusa kwashe ni, ya zage ni da Yarbanci, na ce masa na gode. Maiɗakina ta kawo abinci. Haifaffiyar Agege ce, bakinta ya fi reza, shekara arba'in muna tare ban taɓa cin gardama da ita ba sai in tana barci. Ta dube ni ta dubi kwanon.

"Malam, lafiya?"

"Ciki ne."

"Cikin ne ya sa ka sa hula a baibai?"

Na gyara hula. Ban gaya mata ba. Ta yaya zan fara? In ce na ɗauki mijin 'yarki na miƙa wa mutanen daji, da rana da lokaci da hanya, saboda wani ya ce mini mai basira?

Alhamis na koma tsohon garejina, inda wani yake shayi a gurbina. Tun daga nesa na ga mutane sun yi cirko-cirko, ba mai zama. Labari ya iso cewa an tare hanya a dajin da ke gaba da gadar Jebba. An tsayar da manyan motoci, an shiga daji da mutane. Nawa ne, ba wanda ya sani. Wani ya ce uku, wani ya ce sun fi. Kowa waya a kunne, kowa yana kiran nasa. Wanda nasa ya ɗauka sai ka ji ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan ya ji kunya ya rage murya saboda na kusa da shi.

Wani direban tirela da ya iso da safen, ya wuce ta wurin bayan abin ya faru, shi aka kewaye. Ya ce ya ga motocin a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Na kutsa har gabansa.

"Ɗana, akwai mai zane a baya?"

"Akwai wata mai dabba."

"Zaki ko damisa?"

"Baba, wa ya tsaya dubawa?"

"A kwance yake ko a tsaye? Akwai tsuntsu a kansa?"

Ya dube ni kamar zai mare ni, sai dai furfura ta cece ni. "Mutane suna daji, kai kana tambayar tsuntsu?"

Na ja baya. Ilmin da na tara na shekara talatin, na wutsiya da gashin wuya, ga ranar da nake bukatarsa ta zo, kuma ba wanda ya kalli abin da na saba kallo. Na zauna a kan bencin da yake nawa a da. Mai shayin ya zuba mini, ya ce kyauta ne. Na riƙe kofin har ya huce. A wuni ɗaya na buga lambar nan ta jan fenti har na haddace ta, ni da ban haddace tawa ba.

Juma'a a masallaci liman ya yi addu'a ga matafiya, na ce amin har na gaban sahu ya waiwayo. Da muka haɗu a ƙarƙashin gada ba wanda ya fito da waya. Bazazzagi ya riga ya gaya musu. Tela yana ta kallon ƙasa. Mai faci ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, Olorun wa," wato Allah yana nan. Mutumin Nijar ya ce shi tun farko bai so a riƙa nuna lambar kamiyo ba, amma ya ga ni ne shugaba. Wata babbar mota ta wuce ta gabanmu da dawisu sabon fenti, shuɗi da kore, irin wanda a da za mu bi da gudu. Muka bi ta da ido kawai.

Daga nan na nufi gidan 'yata. Na ce ko ta ji wani abu, ko kuma in ga fuskarta in san abin da ya rage mini. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa ta zauna. 'Yar fari ce, tsakanina da ita magana ba ta da yawa tun asali. Na ce ya gida, ta ce lafiya. Na ce an ji daga matafiya? Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗarta ta ɗan motsa. Na ce a raina, shi ke nan, kuka take ɓoyewa.

Sai jikata, 'yar shekara biyar, wadda nake kira amaryata, ta faɗo jikina.

"Tsoho, na fasa aurenka, ba ka da haƙori. Nuna mini zakin babana a waya."

Na ce waya ba caji.

"Ƙarya ne. In babana ya dawo zan gaya masa ka hana ni."

Na ce, Allah ya dawo da shi ki gaya masa. Na kau da kai na share ido. Uwar ta ɗago da sauri ta ce, "Baba..." Na jira. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, sannan ta ce, "Ka ci abinci kafin ka tafi." Ban ci ba. A hanyar gida na riƙa lissafa abin da zai biyo baya: waɗanda za su kira neman kuɗin fansa, muryar da za su yi magana da ita, ranar da za a zauna a tabarma a ƙofar gidan nan, da yadda wani zai jawo waya a cikin taron ya ce, ai ga inda aka samu labarinsa.

Asabar da hantsi na kasa. Maiɗakina tana tsakar gida tana tsintar wake a faranti. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a gabanta, abin da ban saba ba. Na faɗa mata duka, tun daga zakin da aka wanke har zuwa direban tirela. Ban rage komai ba, har maganar basira. Ina magana hawaye yana bin gemuna. Ita kuwa hannunta bai tsaya ba, tana fitar da tsakuwa tana jefarwa.

Da na gama ta ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

"Yaron yana gida tun ran Laraba. Ya sauke kaya, ya ga mahaifiyarsa, jiya ma ya aiko a gaishe ka."

Na ji maganar, amma ba ta shiga ba. Na ce wane yaro?

"Surukinka. Litinin da la'asar ya tashi, ta Lokoja ya bi."

Sai ta warware mini. Shafin nan da nake taƙama da shi, tun da 'yata ce ta buɗe, duk abin da aka rubuta yana faɗowa a wayarta. Tun ran Lahadi ta ga tambayar baƙon ta ga amsata. Ta kira mijinta hankali a tashe. Shi kuwa ya ce ta kwantar da hankalinta, Larabar Baba ce, ba tasa ba. Amma ran Litinin, yana cikin lodi, wata baƙuwar lamba ta kira shi sau uku, ana tambayarsa ko yana da wurin fasinja ɗaya zuwa Mokwa ran Laraba. Sai ya zare layin ya jefa a aljihu, ya ƙarasa lodi ya kama hanya. Da wayar yaron motarsa yake kiran gida.

"Kin sani," na ce. "Tun Laraba kina kallona ba na cin abinci."

"Tun Lahadi na sani."

"Ita ma yarinyar..."

"Ta so ta gaya maka jiya, ta kira ni tana cewa Baba ya rame. Ni na hana. Na ce a bar shi sai ya faɗa da bakinsa, tun da bakin ne ya jawo."

Na tashi in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Na koma na zauna, na kifa kai a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ta bar ni na yi. Da na lafa ta tura mini ruwa da gefen faranti.

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Mutanen da aka shiga daji da su 'ya'yan wasu ne, surukan wasu ne. Na ji an ce daga baya sun fito, ban san ko duka ba. Ko baƙona yana cikin masu tare hanyar, ko Mai Zaki suka fito jira suka samu wasu, ko kuwa abin ya zo daidai ne kawai, har yau ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Wani lokaci ina cikin alwala sai maganar ta faɗo mini, in tsaya da buta a hannu. Shafin yana nan muna yi. Amma yanzu ba a ɗora mota sai ta bar gari da sati guda, lamba kuma tela yana shafe ta kafin hoto ya hau. Duk wanda ya yi tambaya, Bazazzagi ne mai amsawa, amsarsa kuma ɗaya ce: turo naka hoton tukuna. Na kuma koyi inda ake gogewa.

Bayan kwana goma sha biyu surukina ya dawo da albasa. Na je Mile 12 da kaina, ban ɗauki waya ba. Na zaga bayan motar. Babu zaki. An shafe ƙyauren da shuɗin fenti tun daga sama har ƙasa, ba dutse, ba tsuntsu, ba lamba. In ka matsa kusa ka karkata kai, za ka ga inuwar gashin wuyansa a ƙarƙashin fentin. Na daɗe a tsaye a wurin, 'yan dako suna ture ni da buhuna.

Da la'asar ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa inda ya saba, ido a ƙasa. Ya ajiye mini ƙullin albasa da kilishi. Na tambayi hanya, ya ce lafiya lau. Bai ce komai a kan shafi ba, bai ce komai a kan zaki ba, ni ma ban ce ba. Tambayar da na saba yi ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na sa masa albarka mai tsawo, har ya fara gyara durƙuso.

Da ya fita, na ci kilishin, na ji jini ya dawo jikina, sai shugabancin ya motsa. Na gyara zama na dubi maiɗakina.

"Amma fa in aka bi ta tsari, yaron nan bai kyauta ba. Ni surukinsa, uban matarsa, ya durƙusa a gabana ya ce mini Laraba bayan asuba. Tun kafin ya san zan rubuta fa. Ƙarya ce tsagwaronta ya yi mini."

Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Malam, 'yarka ka ba shi, ba ransa ya ba ka ajiya ba. Ka gode wa Allah da ya ba ka suruki mai hankalin yi maka ƙarya. Da gaskiya ya gaya maka, da yanzu zaman makoki kake shugabanta."